Dutsen yashin Bima: shimfiɗar da ta cike tsagar Binuwai

Dutsen yashin Bima suna ne da masana ilimin duwatsu suka ba wata ƙatuwar shimfiɗar dutse da ke kwance a sassan jihohin Gombe, Adamawa, Bauchi, Taraba da Borno. A wasu wurare tana fili, ana hawanta ana fasa ta don gini. A wasu kuwa tana binne a zurfin kilomita uku ko huɗu. Sunan ya samo asali ne daga Dutsen Bima da ke kusa da Dadin Kowa, a ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba ta jihar Gombe, daura da kogin Gongola. Masu karatun tarihi sun san wannan dutse ta wata fuskar, domin an daɗe ana danganta shi da bayyanar Mahadi, kuma a wannan yanki ne, a garin Burmi, sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a watan Yulin 1903. A wurin masana duwatsu, Bima ita ce shimfiɗa mafi tsufa kuma mafi kauri a cikin duwatsun da suka cike arewacin kwarin Binuwai, kuma daga cikinta ake haƙo ruwan sha a garuruwa da dama, a cikinta kuma ake neman man fetur.

Duwatsu iri biyu

Direban da ya ɗauko wake daga Gombe zai kai Kasuwar Bodija a Ibadan yana ratsa duwatsu iri biyu, ko da bai kula ba. Daga Gombe zuwa wajen Alkaleri ƙasa ce mai rairayi, tuddanta masu shafaffen kai, idan hanya ta yanke su sai a ga dutsen jere hawa-hawa kamar an tula tabarmi. Kafin ya shiga Bauchi sai yanayin ya sauya: manyan duwatsu masu sulɓi, dunƙule, babu hawa babu layi. Irin waɗannan na biyu su ne gindin ƙasar Najeriya, kuma a kansu Bauchi da Zariya da Kano da Ibadan kanta suke zaune. Sun samu ne a can cikin ƙasa, ƙarƙashin zafi da matsi mai tsanani, kuma gasuwarsu ta ƙarshe ta auku kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce.

Na farkon kuwa ɓarɓashin na biyun ne. Rana da ruwan sama suna cin tsohon dutse ya koma tsakuwa da yashi da laka, ruwa ya kwashe su ya zube a inda ƙasa ta yi kwari, wani ya zo ya hau kan wani, nauyi ya danne su har su sake daskarewa. Dutsen Bima na cikin wannan jinsi. Tambayar da ta fi muhimmanci a kansa ita ce: wane irin rami ne ya iya haɗiye yashi mai kaurin da ya haura mita 3,000 a wasu wurare? Kwarin kogi na yau da kullum ba ya iya wannan. Sai dai ramin da gindinsa ke ci gaba da nutsewa yayin da ake cika shi.

Yadda ramin ya samu

Fiye da shekara miliyan 140 da suka wuce, Afirka da Kudancin Amurka dunƙulalliyar ƙasa ɗaya ce, gaɓar Najeriya da Kamaru tana manne da arewa maso gabashin Barazil. Da nahiyoyin biyu suka fara rabuwa a farkon zamanin da ake kira Kiretashiyos, ƙasar ta tsage ta fuska uku daga wajen da bakin kogin Neja yake a yau. Tsaga biyu sun ci gaba da buɗewa har ruwa ya cika su suka zama tekun Atilantika. Ta ukun ta nufi cikin Afirka, ta yi arewa maso gabas, ta buɗe zuwa wani matsayi, sannan ta tsaya. Ita ce kwarin Binuwai, mai tsawon kimanin kilomita 1,000, faɗinsa kuma daga kilomita 50 zuwa 150 a mafi yawan wurare.

Wannan bayani na tsaga mai reshe uku, wanda Kevin Burke da abokan aikinsa suka yaɗa a farkon shekarun 1970, shi ne ya fi shahara a littattafan makaranta. Daga baya masanin nan na Faransa, Jean Benkhelil, ya nuna cewa ba janyewa kawai ɓangarorin biyu suka yi daga juna ba, sun kuma goga juna ta gefe, ɗaya ya zame hagu ɗaya dama, kuma wannan gugar ce ta buɗe ƙananan ramuka masu zurfi a jere. Bayanan biyu ba sa karo sosai. Na biyun ya fi fayyace dalilin da ya sa kwarin ba rami ɗaya miƙaƙƙe ba ne, tarin ramuka ne da tuddai a tsakaninsu.

A arewa kwarin ya rabu gida biyu kamar gwafa. Reshen Gongola ya miƙe arewa ya nutse ƙarƙashin yashin Borno, reshen Yola kuma ya yi gabas ya shiga Kamaru, inda ake kiran takwaran dutsen Bima da sunan dutsen yashin Garwa. Tsagar ba ta tsaya a kan iyakar Najeriya ba. Tana cikin wani dogon jerin tsagogi na yammaci da tsakiyar Afirka wanda ya haɗa da kwarin Tarmit a gabashin Nijar, da Bongor da Doba a Chadi, da Muglad a Sudan. Duk wanda ya san inda ake haƙo mai a waɗannan ƙasashe zai gane dalilin da ya sa ake yawan ambaton Bima a Abuja.

Abin da ke cikin shimfiɗar

Tun a 1911 J. D. Falconer ya bayyana duwatsun yashin wannan yanki a littafinsa kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewacin Najeriya. Amma aikin da har yau ake komawa gare shi shi ne na Carter da Barber da Tait, wanda hukumar binciken duwatsu ta Najeriya ta buga a 1963, bayan sun taka lardunan Adamawa da Bauchi da Borno. Sun raba Bima hawa uku: na ƙasa, na tsakiya da na sama. Wasu masu bincike na baya-bayan nan, ciki har da na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, suna ganin hawa biyu ne kawai na haƙiƙa, domin na tsakiya da na sama ba su da wata iyaka mai ƙarfi a tsakaninsu. Ko an ce biyu ko an ce uku, kowa ya yarda cewa hawan ƙasa dabam yake da abin da ke samansa.

Hawan ƙasa ya taru ne lokacin da tsagar ke kan aiki. Wani ɓangaren ƙasa ya rufta, na kusa da shi ya tsaya a tsaye kamar bango. Duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi, sai ambaliya ta gangaro daga bangon da ƙattin duwatsu da tsakuwa da taɓo a cakuɗe, ta baza su a gindinsa kamar mafici. Shi ya sa a kusa da tsoffin tsagogin ake samun dutse mai ɗauke da gutsattsarin dutsen gindi masu kaifin baki, wasu sun fi kan mutum girma. Kaifin nasu shaida ne cewa ba su yi tafiya mai nisa ba. Dutsen da ya daɗe yana birgima a kogi yakan yi sumul kamar ƙwai. Idan aka matsa zuwa tsakiyar ramin sai tsakuwar ta koma yashi, yashin ya koma laka ja ko mai ruwan hanta. A wurare mafi zurfi ruwa ya kwanta ya zama tafkuna, kuma a gindin tafkunan baƙar laka ta taru, cike da matattun tsirran ruwa da ba su samu iskar da za ta ruɓar da su ba. Wannan baƙar laka ba ta da yawa a inda dutsen ya fito fili, amma za a sake dawowa kanta, domin ita ce jigon maganar mai.

Kaurin wannan hawa ba ya da tabbas ko kaɗan. A wani wuri ya kai ɗaruruwan mitoci, a tafiyar 'yan kilomitoci kuma sai a neme shi a rasa, saboda nan tudu ne a wancan zamani, ba a zuba masa komai ba.

Hawan sama ya zo ne bayan girgizar ta lafa. Ramukan sun cika, bangayen sun zaizaye, dukan yankin ya shiga nutsewa a hankali gaba ɗaya. Manyan koguna masu faɗi, marasa zurfi, masu rarrabuwa su sake haɗuwa a tsakanin tsibiran yashi, suka mamaye ƙasar. Mai son ganin misalinsu ya dubi kogin Gongola ko na Binuwai da rani. Sun bar yashi mai kaushi, fari ko ruwan ƙasa, shimfiɗe a ko'ina, har a kan tuddan da hawan ƙasa bai taɓa rufewa ba. A jikinsa ana ganin layuka a karkace a tsakanin layukan da ke kwance. Kowane karkataccen layi fuskar wani tulin yashi ne da ruwa ke turawa gaba, kuma inda ya karkata nan ruwan ya nufa. A wurare da yawa layukan sun lanƙwashe sun naɗe kamar an murɗa tsumma, alamar cewa an girgiza yashin tun yana jiƙe, ko dai da girgizar ƙasa ko da ƙarfin ambaliya.

Yashin kansa yana da abin faɗa. Ban da ƙwayoyin ƙanƙara, akwai ma'adinin felsfa mai yawa a cikinsa. Felsfa ba ya jure doguwar tafiya ko damina mai tsawo, nan da nan yake rikiɗewa ya zama yumɓu. Yawansa a Bima yana nuna cewa an kankaro yashin daga duwatsun da ke kusa, aka binne shi da sauri, a ƙasa mai rani da damina.

Shekarunsa

Ƙayyade shekarun Bima yana da wuya fiye da na duwatsun da ke samansa, saboda yashin kogi ba ya adana gawar halittu da kyau. Abin da aka fi samu shi ne kututturan itatuwa da suka zama dutse, da ƙurar furannin tsirrai a cikin laka, wadda sai da madubin ƙara girma ake ganinta. Daga waɗannan, da kuma duwatsun aman wuta da suka kutsa cikin shimfiɗar, aka sanya mafi yawanta tsakanin kimanin shekara miliyan 125 zuwa miliyan 100 da suka wuce, ko da yake gindinta a wasu ramuka ya girmi haka.

Duwatsu masu kusan wannan shekaru a Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta Nijar, sun fi sa'a. A can aka tono ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe irin su Nigersaurus, da wani ƙaton kada mai suna Sarcosuchus wanda tsawonsa ya kusa mita 10. An samu ɗan'uwan wannan kada a duwatsun jihar Bahiya ta Barazil, abin da ke ƙara tabbatar da cewa kogunan ɓangarorin biyu sun taɓa zama na ƙasa ɗaya.

Abin da ya hau kansa

Zamanin Bima ya ƙare ne da shigowar teku. Shimfiɗar Yolde da ke samansa kai tsaye ta gaɓa ce, yashi da laka suna musanya. Bayanta teku ya rufe yankin baki ɗaya, har kimanin shekara miliyan 94 da suka wuce ruwan gishiri ya haɗe daga mashigin Gini, ta Gombe da Borno da Nijar, zuwa tekun da ke arewacin Afirka. Abin da wannan teku ya bari shi ne shimfiɗar Pindiga a reshen Gongola: baƙar laka mai kauri da dutsen siminti, wanda masana'antar Ashaka ke haƙa tun ƙarshen shekarun 1970. A ramin haƙar Ashaka ana tsintar ɓawon halittun teku masu naɗi kamar dodon koɗi, a wurin da yau yake nesa da teku da ɗaruruwan kilomitoci. Da tekun ya janye sai dutsen yashin Gombe ya biyo baya, tare da kwal ɗin da ake haƙa a Maiganga, daga bisani kuma shimfiɗar Kerikeri ta rufe yammacin yankin.

Da a ce duwatsun sun zauna yadda aka jera su, da babu mai ganin Bima sai ta rijiya. Amma wajen ƙarshen zamanin Kiretashiyos ƙasar da ta buɗe ta dawo ta matse, shimfiɗun suka tanƙware suka yi doro, zaizaya ta yanke kan doron ta tono na ƙasa. Mafi girman waɗannan shi ne doron Lamurde, wanda hanyar Gombe zuwa Numan ta ratsa, kuma nan ne ɗaliban jami'o'i ke zuwa su auna Bima daga ƙasa zuwa sama. Can baya kuma aman wuta ya huda shimfiɗun ya bar tsaunuka masu tsini irin na ƙasar Tangale, da baƙin dutsen tudun Biu da na Lunguda.

Ruwa

Amfanin Bima na yau da kullum ruwa ne. Dutsen yashi yana da ƙananan ƙofofi tsakanin ƙwayoyinsa inda ruwa ke zama, saɓanin dutsen gindi irin na Kano ko Ibadan, wanda ba ya riƙe ruwa sai a ruɓaɓɓen samansa ko a cikin tsaga. Rijiyoyin burtsatse da yawa a Yola da kewayenta daga Bima suke sha. Sai dai ba a ko'ina yake bayarwa ba. Felsfan nan da ya yi yawa a cikinsa, bayan an binne shi, wani sashensa ya zama yumɓu ya toshe ƙofofin, a wasu wurare kuma ƙanƙara da tsatsar ƙarfe sun like ƙwayoyin tamau. Saboda haka rijiya biyu a unguwa ɗaya, ɗaya ta yi ambaliya ɗaya ta yi ɗigo, gwargwadon ko ta dace da tsaga ko da hawan yashi mai kaushi. Garin Gombe, wanda ke zaune a kan shimfiɗun da suka fi Bima ƙuruciya, ya dogara ne sosai da madatsar ruwan Dadin Kowa da aka kammala a 1984 a gindin Dutsen Bima, kimanin kilomita 37 gabas da garin.

Maganar mai

Kafin a samu man da za a haƙa a sayar, sai abubuwa huɗu sun haɗu: laka mai ɗauke da ragowar halittu wadda zafin ƙasa ya dafa daidai, ba ɗanye ba ƙonanne, dutse mai ƙofofi da man zai taru a ciki, murfin laka da zai hana shi tserewa, da tanƙwara ko tsaga da za ta tare shi wuri ɗaya. A reshen Gongola yashin Bima da na Yolde suna iya zama ma'aji, lakar Pindiga murfi, dorayen da matsi ya haifar kuma tarko. Inda ake ja-in-ja shi ne na farko.

A Doba da Bongor na Chadi, da Muglad na Sudan, mafi yawan man ya fito ne daga baƙar lakar tafkunan da suka kwanta a gindin tsaga a farkon zamanin Kiretashiyos, wato sa'o'in lakar hawan ƙasa na Bima. Haka abin yake a kwarin Rekonkabo na Barazil, wanda shi ma tsaga ce da ta buɗe ta tsaya, kuma a bakinsa ne, a Lobato kusa da Salbado, aka fara samun mai a ƙasar a 1939. Chadi ta fara fitar da man Doba ta bututu zuwa Kiribi a Kamaru a 2003. Nijar ta fara haƙo na Agadem a 2011, ko da yake nata man ya fi dangantaka da lakar teku ta baya. Hujjar masu kyautata zato ke nan: tsaga ɗaya ce, tarihi ɗaya.

Tarihin haƙa a ɓangaren Najeriya bai yi saurin gaskata su ba. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya haƙa rijiya 23 a yankin Borno ba tare da samun abin sayarwa ba, sai alamun iskar gas a biyu daga ciki. A 1999 da 2000 kamfanonin Shell da Elf da Chevron suka haƙa rijiya ɗai-ɗai a reshen Gongola, wato Kolmani ta ɗaya da Kuzari da Nasara. Ta Kolmani ta samu iskar gas da ba ta kai ta kasuwa ba, sauran biyun ba su samu komai ba, kamfanonin suka tattara suka tafi. Masana da dama sun yi ƙorafin cewa rijiya uku sun yi kaɗan ga yanki mai wannan girma, kuma ba su yi zurfin da za su ratsa Bima zuwa gindinsa ba.

A watan Fabrairun 2019 NNPC ta fara haƙa Kolmani ta biyu a kan iyakar ƙaramar hukumar Alkaleri ta Bauchi da Akko ta Gombe. Ta nutsa fiye da kilomita 4, kuma a watan Oktoban shekarar kamfanin ya sanar da samun ɗanyen mai da iskar gas. Ranar 22 ga Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin raya filin, inda aka ambaci ganga fiye da biliyan 1 na mai da iskar gas mai yawan ƙafa biliyan 500 a ma'aunin murabba'i mai zurfi. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 kuma ta ware kashi 30 cikin 100 na ribar man da NNPC ke samu daga wasu yarjejeniyoyi domin bincike a irin waɗannan yankuna, tanadin da ya jawo muhawara mai zafi tsakanin 'yan majalisar kudu da na arewa.

Ya kamata a karanta waɗancan alƙaluma da natsuwa. Ƙiyasin abin da ke cikin dutse dabam, abin da za a iya fitarwa a sayar da riba dabam, kuma a ko'ina cikin duniya na biyun kashi ne kawai na na farkon. A nan halin Bima da aka bayyana a sama yana da tasiri kai tsaye. Yumɓun da ke hana wata rijiyar Yola ba da ruwa yana iya hana mai gudana a zurfin kilomita uku, inda nauyi ya ƙara matse ƙofofin. Lakar tafki ba shimfiɗa ɗaya ba ce mai ratsa yankin duka, gutsattsari ce a ramuka daban-daban, wani ramin ya samu wani bai samu ba. Aman wutar da ya huda yankin yana iya dafa lakar har ta wuce mai ta koma gas. Kuma matsin da ya haifar da tarkon, idan ya zo bayan man ya riga ya tashi, to ya tarar da wuri wayam. Rijiya ɗaya ko biyu ba sa warware waɗannan. Sai an haƙa da yawa a kewayen filin, an gwada yawan gangar da kowace ke bayarwa a rana na tsawon watanni, sannan a san ko bututu ko matatar da za a gina a wurin za ta mayar da kuɗinta.